Shafin kayan tarihi na British Museum a waya: yadda na same shi

Salam jama'a. Kwanaki mun kai yaran makarantarmu ta Aboabo gidan tarihi na Manhyia, fadar sarkin Asante a Kumasi, su ga kayan zinariyar nan da aka kawo a 2024, guda 32 ne, 15 daga British Museum 17 daga V&A (duka biyun gidajen tarihi ne a Landan), kuma wai aro ne na shekara 3, akasarinsu kayan da sojojin Ingila suka kwashe ne tun daga yaƙin 1874 da suka ƙone Kumasi. Muna cikin trotro za mu koma sai wani yaro ya ce min "Malam to sauran fa, suna ina?" Wallahi tambayar ta tsaya min a rai, shi ya sa da daddare na sa data na shiga shafin British Museum inda suke zuba hotunan kayansu.

Kyauta ne, ba rajista ba komai, kawai ka rubuta abin da kake nema. Na rubuta Asante sai ga su nan reras, ƙananan ma'aunan tagulla da ake auna garin zinariya da su, wani siffar tsuntsu wani kada wani mutum da ganga, ga kuduo (mazubin tagulla na ajiye kaya masu daraja), ga kujeru. Abin da ya fi burge ni shi ne zumin, ka sa yatsa biyu ka buɗe hoton har ka ga zanen da maƙerin ya yi da hannunsa, abin da ko kana tsaye gaban gilashi ba lallai idonka ya kama ba. Kuma ƙasan hoton suna rubuta shekarar da abin ya shiga hannunsu da wanda ya kawo, to nan fa jikina ya yi sanyi, don za ka yi ta cin karo da 1874 da 1896, shekarar da Turawan Ingila suka kama sarkin Asante Prempeh na ɗaya.

Akwai wani ƙaton tulun tagulla da na daɗe a kansa, an ƙera shi a Ingila zamanin sarki Richard na biyu, wajen ƙarshen shekarun 1300, amma a fadar Kumasi aka ɗauke shi a 1896. Yaran sun ƙi yarda sai da suka karɓi wayar suka gani da idonsu.

Daga nan na rubuta Hausa, sai ga manyan riguna masu aiki irin na kakanninmu 'yan fataucin goro ta Salaga. Na nuna wa Baba, ya riƙe wayar ya fi minti goma yana buɗe wuyan rigar yana faɗa min sunan ɗinkin.

Shawara: hotunan suna da nauyi, in bandul ɗinka kaɗan ne nemi wifi. Ka gwada Asante ka kuma gwada Ashanti. Bayanin da Turanci yake, ni nake fassara wa yara da tsofaffi, kuma na so a ce wata rana a samu murya da Hausa da Twi mutum ya danna ya saurara.

Ran Asabar in sha Allahu zan aro majigi mu haska a bangon makaranta bayan la'asar, duk mai yaro a Aboabo ko Asawase ya turo shi.