NVivo da manyan bidiyon hira, yadda na same shi

Masu tambayata ko NVivo, wato manhajar nazarin hirarrakin bincike, na ɗaukar bidiyo mai nauyi, eh yana ɗauka, amma fa ba yadda kuke zato ba. Ni NVivo 12 na Windows na yi aiki da shi a binciken mastas ɗina, hirarraki ne da masu rini a Ƙofar Mata da ke Kano, kuma dole sai da bidiyo saboda yadda suke tsoma yadi a baba su ɗago shi ya sha iska ba abin da murya kaɗai za ta nuna maka ba ne.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne a NVivo 12 ɗin fayil ɗin da zai shige cikin firojet ɗin kansa ba ya wuce 40MB, shi kuma firojet ɗin gaba ɗaya 10GB ne iyakarsa. To bidiyon waya a 1080p ai minti ɗaya ma sai ya haura 40MB ɗin nan, balle hirar awa guda da dattijo ya samu mai saurare. Duk fayil ɗin da ya wuce 40MB manhajar ba ta haɗiye shi, tana barinsa a inda yake a kwamfuta ne ta riƙe adireshinsa kawai, kuma gaskiya ni na ga hikimar hakan don firojet ɗina bai yi nauyi ba, kodin, wato ware sassan hira bisa jigo, yana tafiya lafiya lau, ka zaɓi daga minti kaza zuwa kaza ka jefa a node ɗinka, wato ma'ajiyar jigon, shikenan.

Sharaɗin dai kar ka taɓa foldar da bidiyoyin suke ciki. Ka canja mata suna ko ka kai wa supabaiza firojet a filasha ba tare da bidiyoyin ba, zai buɗe ya ga kodin amma bidiyo ba zai kunnu ba sai an sake nuna masa inda fayil yake. Wallahi aiki ne mai cin rai in hirarrakin na da yawa. Ita ma filashar in tsarin ajiyarta FAT32 ne ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB.

Ni HandBrake, manhajar rage nauyin bidiyo, ya cece ni, kyauta ne, na mayar da komai MP4 a 720p da H.264 (tsarin matse bidiyo), nauyin ya ragu sosai kuma har yanzu ana ganin hannun mai rini sarai. Sai dai yana cin lokaci da batir, ka yi shi sanda akwai wuta. Na asalin kuma na adana su a had disk da na saya a Beirut Road da ke Kano, ban yarda in ɗora fuskokin mutane a intanet ba tunda ba haka muka yi da su ba, ga kuma tsadar data.

In laftof ɗinka 4GB RAM ne kuma murya kawai kake buƙata, cire sautin da VLC ka yi aiki da shi, don bidiyon zai riƙa sarƙewa ne kawai.