Mamdani da Sugeno a lambun Baffa: abin da na gani bayan wata uku

Wata uku ke nan ina aiki da Fuzzy Logic Toolbox, wani sashe na manhajar lissafi ta MATLAB, ina haɗa 'yar na'urar da za ta riƙa yanke minti nawa injin ban ruwa zai yi a lambun tumatir ɗin Baffana, ƙasa da dam ɗin Dadin Kowa. Maganar Baffa ce ta kai ni ga wannan lissafi da ake kira fuzzy logic. Shi ba ya cewa danshi ya kai kashi kaza. Yatsa yake tsomawa a ƙasa ya ce "ta ɗan sha iska", ko "ta bushe ƙamas". Wannan "ɗan" ɗin shi masani Lotfi Zadeh ya nema wa gurbi a lissafi a 1965, yadda abu zai iya tsayawa ko'ina tsakanin 0 (a'a) da 1 (e).

Hanya biyu manhajar ta ba ni, na fara da ta Mamdani, wadda Ebrahim Mamdani da Assilian suka gwada a kan injin tururi a Landan, suka wallafa a 1975. Doka tara na rubuta, irin "in kaza ne, a yi kaza", danshi mataki uku, zafi mataki uku, kowace doka kuma da kalma take ƙarewa: ruwa kaɗan, matsakaici, ko mai yawa. A nan hanyar ta shiga raina. Na zauna gindin mangwaro ina karanto wa Baffa dokokin da Hausa, ina zuwa ta shida ya ɗaga hannu. "A'a, ɗana. Da tsakar rana ba a kwarara wa tumatir ruwa, ko da ta bushe." Mutumin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya gyara mini aiki, gyaran kuma daidai ne.

Nauyin hanyar Mamdani a ƙarshen lissafi yake. Sai ta haɗe siffofin amsoshin dokokin duka, sannan ta lalubo tsakiyar nauyinsu kafin ta ba ka lamba ɗaya. A kwamfuta ba ka ji, amma a Arduino Uno, 'yar ƙaramar kwamfutar da ke cikin na'urar, mai ƙwaƙwalwar aiki 2 KB kacal, sai da na yi ta rage-rage.

Ta Sugeno, wadda Takagi da Sugeno na Japan suka fitar a 1985, ba ta da wannan wahalar. Kowace doka da lamba ko ɗan gajeren lissafi take ƙarewa, a auna ƙarfin kowacce a ɗauki matsakaici, shi ke nan. Ita ce kuma ANFIS, dabarar da ke sa manhaja ta daidaita dokoki da kanta, ke aiki da ita in kana da bayanan da za ta koya daga gare su, ni ban tara ba tukuna. Sai dai da na karanta wa Baffa dokokinta masu lambobi, shiru ya yi, ya ce in yi yadda na ga ya dace. Shirun nan bai yi mini daɗi ba, don shi ne ya san ƙasar.

Abin da na yi shi ne, muka daidaita dokoki da shi a Mamdani, manhajar ta juya mini su zuwa Sugeno, na ɗora a na'ura. Yanzu ya ce rani mai zuwa sai mun saka iskar hunturu a lissafin, don ta fi rana saurin busar masa da kwami.