Zaɓen Siririn Layin Dogo na Gaske Kafin Gina Ƙaramin Samfurinsa

Masu sha'awar gina ƙaramin samfurin layin dogo a kan tebur ko kanta sukan fara da sayen kan jirgin da ya burge su, daga baya kuma su tarar cewa taragun da suka tara ba su taɓa haɗuwa a ƙasa ɗaya ko a zamani ɗaya ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a tsayar da layin gaske da za a kwaikwaya tukuna, sannan a fara saye. Siririn layi shi ne wanda tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu ba ta kai milimita 1,435 ba, wato tazarar da aka fi amfani da ita a duniya. An gina da yawa daga cikin irin waɗannan layuka ne a cikin duwatsu da wuraren haƙar ma'adinai, inda kwana take da tsanani kuma jirage gajeru ne, kuma wannan ne ya sa suke shiga ƙaramin ɗaki ba tare da an tauye kamanninsu ba.

Ga wanda filinsa bai wuce kanta ɗaya a jikin bango ba, layukan yankin Wales na Birtaniya su ne suka fi cancanta a fara dubawa. Layin Ffestiniog, mai tazarar milimita 597, an buɗe shi a 1836 domin sauko da dutsen rufin gida daga Blaenau Ffestiniog zuwa tashar jiragen ruwa ta Porthmadog. A farkon zamaninsa taragu masu kaya gangarowa suke yi da nauyinsu, dawakai kuma su jawo su sama bayan an sauke kayan, har zuwa 1863 da aka kawo injunan tururi. Kawunan jirginsa da ake kira Double Fairlie, masu fuska biyu da bututun hayaƙi a kowane gefe, suna sa a gane layin da kallo ɗaya. Ma'aunin da ake kwaikwayon waɗannan layuka da shi shi ne OO9, inda ake rage komai sau 76 a kan dogo mai tazarar milimita 9, kuma kamfanonin Bachmann da Peco suna fitar da kawuna da taragu da aka riga aka haɗa. Akwai wani abu da mai son daidaito ya kamata ya sani: milimita 9 a wannan ma'auni ta yi daidai ne da milimita 686, wadda ita ce tazarar layin Talyllyn, saboda haka samfurin Ffestiniog yakan ɗan fi na gaske faɗi. Shi Talyllyn, wanda ya tashi daga garin Tywyn, shi ne layi na farko a duniya da 'yan sa kai suka karɓi gudanar da shi, a 1951, kuma tashoshinsa ƙanana ne ƙwarai. A ganina, wanda bai taɓa gina komai ba zai fi samun sauƙi a nan.

Layin Rhätische Bahn na Suwizalan wani lamari ne dabam. Tazararsa mita ɗaya ce, yana aiki da lantarki, kuma babban layin sufuri ne mai jiragen fasinja da na kaya a kullum, wanda UNESCO ta sanya sassansa na Albula da Bernina cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Kamfanin Bemo na Jamus yana yin samfuransa a ma'aunin H0m, wato ragi sau 87 a kan dogo mai milimita 12, Kato na Japan kuma yana yin wasu a ƙaramin ma'aunin N. Kayan suna da yawa kuma suna da kyau, sai dai a yi lissafi kafin zumuɗi ya ɗebi mutum. Gadar Landwasser, wadda ita ce take jan hankalin kowa, tsayinta daga ƙasa zuwa sama mita 65 ne, abin da ke nufin kusan santimita 75 a ma'aunin H0m, ban da dutsen da layin yake kutsawa cikinsa da zarar ya bar gadar. Sannan akwai wayoyin lantarki na sama da turakunsu, waɗanda kafa su aiki ne mai cin lokaci, kuma suna hana hannu isa ga dogo lokacin shara. Wanda ya ƙudurta a kan wannan layi alhali ɗakinsa ƙarami ne, gara ya ɗauki tashar ƙauye guda ya bar manyan gadoji.

A Amurka, tsofaffin layukan kamfanin Denver and Rio Grande Western masu tazarar milimita 914 su ne aka fi kwaikwaya, musamman da yake sassa biyu suna aiki har yau: na Durango zuwa Silverton, da na Cumbres and Toltec tsakanin Chama da Antonito. Kawunan jiragensu manya ne, jiragen kuma dogaye, saboda haka suna buƙatar kwana mai faɗi da fili mai tsawo ko da a ma'aunin HOn3, wato ragi sau 87 a kan dogo mai milimita 10.5. Zaɓi ne na mai babban ɗaki.

Layin Darjeeling na Indiya, mai tazarar milimita 610, wanda aka kammala a 1881, shi ne ya fi kowanne kama da abin da aka tsara domin tebur. Yana hawa har zuwa tashar Ghum da ke mita 2,258 sama da matakin teku, yana kewaye kansa a wurare irin su Batasia, a wasu wuraren kuma jirgin yakan ja da baya sannan ya ci gaba domin ya sami hawa, yana kuma bi ta gefen titi a gaban shaguna a garin Kurseong. Duk tsananin kwanar da mai gini ya yi, yana da hujja a layin gaske. Matsalarsa ita ce ƙarancin kayan da aka riga aka haɗa, domin yawancin kawuna da taragu sassa ne da mutum zai haɗa ya yi wa fenti da hannunsa, haka kuma gidaje da shaguna. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna zai iya duba layukan Ostiriya masu milimita 760, kamar Zillertalbahn, ko na yankin Saksoni a Jamus masu milimita 750, waɗanda ake samun samfuransu a ma'aunin H0e, wato ragi sau 87 a kan dogo mai milimita 9.

Bayan an tsayar da layi, sai a tsayar da zamani, domin layi ɗaya yakan sauya kama har ya zama tamkar biyu. An rufe Ffestiniog a 1946, aka fara sake buɗe shi a 1955 domin masu yawon buɗe ido, kuma kewayen da ke tashar Dduallt, inda layin yake zagayowa ya bi ta saman kansa, an gina shi ne a aikin sauya hanya na 1965 zuwa 1978, bayan tafkin wata tashar lantarki ya shanye wani ɓangare na tsohon layin. Saboda haka wanda yake son dogayen jerin taragun dutse na ƙarni na 19 ba zai sanya wannan kewaye ba, wanda kuma yake son kewayen, taragun fasinja na zamani ne ya kamata ya saya.