Odar maganin zazzaɓi: tsohon lissafi ko ƙirƙirarriyar basira?

A ce mai kemis yana sayar da kwali 40 na maganin zazzaɓin cizon sauro a rana, kaya kuma na ɗaukar kwana 7 kafin su iso. Lissafinsa 280 ne, a ƙara 120 na ko-ta-kwana. Da kaya sun sauka zuwa 400, sai oda. Yaron shago ma zai iya, kuma ga shago ɗaya wannan ya wadatar muddin ana gyara shi kowane wata. Aibinsa, bai san damina ba: daga Agusta ciniki kan tashi, kanta ta bushe kafin mota ta iso.

Manhajar ƙirƙirarriyar basira ta fi dacewa da dila mai rassa. Tana duba cinikin baya, da watan da ake ciki, da jinkirin mota, ta nuna yiwuwar yankewar kaya. Amma tana son rikodin aƙalla shekara 2, don ta ga damina sau biyu. Babban tarkonta shi ne ranakun da kaya suka ƙare. Rikodi ya nuna sifili, sai ta ɗauka ba a nema ba ne, ta rage oda. Dole a yi wa ranakun alama, a kuma shigar da ranar lalacewar kowane kwali.