Masu Hilux da akori-kura, a yi hattara da masu cewa "famfon mai ne"

Salam jama'a. Don Allah duk mai Hilux ko wata akori-kura mai shan fetur, ko direban da aka ba amanar mota, ya daure ya karanta wannan, akwai wata damfara da ake yi da warin fetur kuma mutane na ta faɗawa.

Kana cikin gosulo ko ka fito daga gidan mai kenan, sai wani ya biyo ka a babur yana nuna ƙasan motar, "Alhaji tsaya tsaya, motarka na zubar da mai, za ta kama da wuta!" To wa zai ji an ambaci wuta ya ci gaba da tafiya? Ka faka ka fito, kuma wallahi za ka ji warin har ka ga jiƙa a jikin tanki. Abin da ba ka gani ba shi ne 'yar robar da ke aljihunsa, fetur ne a ciki, da ya durƙusa wai yana leƙawa ya watsa. Kafin ka gama salati wani ya ɓullo da sifana a hannu, wai bakanike ne, garejinsu na nan bayan layi, "ranka ya daɗe famfon mai ne ya tafi, kar ka ƙara tayar da ita."

Wasu kuma ba sa bin ka a titi, kai ne za ka kai kanka da warin gaske, maganar dai ɗaya ce, famfo. Dalilin da ya sa suke son famfon nan shi ne a cikin tanki yake, tankin akori-kura kuma yana ƙarƙashin bodi, sai an sauke shi, kafin a sauke kuma sai an juye man a jarka. Tankin Hilux na cin kusan lita 80, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da jarka ɗaya take nufi. Za a ce ka je ka zauna a inuwa oga, a kawo maka benci har da ruwa mai sanyi, man da aka juye ba shi za a mayar duka ba. Sannan a zare famfonka na kamfani mai lafiya a sa maka jabu da aka ciro daga kwali mai kyalli, naka kuma gobe a sayar wa wani a matsayin Beljiyam. Ka biya kuɗin kaya, ka biya kuɗin aiki, an sha manka, warin kuma in na gaske ne yana nan inda yake.

Abin da nake so mutane su riƙe, famfon da ya mutu ba wari yake yi ba. Mota ce za ta ƙi tashi, ko ta riƙa fizga, ko ta mutu maka a hawa, ko ka ji yana kuka daga tanki. Wari kuwa yoyo ne, mai ko tururinsa na fita ta wani waje, kuma yawanci roba ce ta gaji. Fara da murfin tanki, buɗe ka duba robar bakinsa, zafin ranar nan tamu yana busar da ita ta tsattsage. In motar 'yar Amurka ce irin Tacoma ko Tundra har wutar cek injin takan kawo saboda murfi kawai, a sa kwamfutar gwajin mota ka ga lambar matsala P0455 ko P0457, wato tururin mai na fita. Sai tiyon da ya taho daga bakin zuba mai zuwa tanki, shi ma yana tsagewa ko kilif ɗinsa ya saki. In warin sai ka cika tanki yake tasowa, ya ragu in mai ya yi ƙasa, to ta sama ne, ko wannan tiyon ko robar da ke rufe bakin famfon, robar kawai za a canja ba famfon ba. In kuma da ka tayar da injin kake jin sa ta bonet ko yana shigowa ta AC, a duba ƙananan robobin nozul da layin mai. Wanda ke fitowa ta salansa da baƙin hayaƙi daban ne, injin ne ke shan mai fiye da ƙima.

Mu ma da namu laifin, wannan ɗabi'ar ta jijjiga mota a gidan mai a yi ta ɗurawa har sai ya zo wuya. Akwai wani gwangwani mai gawayi a ciki da aikinsa shanye tururin fetur, in ka cika ya wuce ƙima man na gangarawa cikinsa ya jiƙe, daga nan wari ba dare ba rana. In bakin famfon gidan mai ya yi ƙas ya tsaya, a bar shi haka.

Gwajin ba wuya, samu busasshen siminti a fili ka faka, shimfiɗa kwali a ƙasa, tayar da ita ka haska da tocila, inda ƙura ta jiƙe ta yi baƙi nan ne. Ban da ashana, ban da sigari, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya musamman cikin ramin gareji. In ka ga yana ɗiga da gaske kashe ta, kar a tuƙa, a jawo ta. Kuma kar ka yarda a liƙe maka da sabulu ko sufa gulu, ko a sa maka tiyon ruwa a madadin na mai, fetur cinye shi yake yi.

In an tare ka a hanya ka kashe injin ka duba da kanka, ka kira bakanikenka, kar ka bi kowa bayan layi. In ta kama dole a sauke tanki ɗauki hoton gejin mai tukuna, ka tsaya a kan jarkar, kuma ka ce tsohon famfon a hannunka za a miƙo shi tun kafin a buɗe kwalin sabo. A tura wa direbobi don Allah, musamman masu ɗauko kaya daga kasuwannin ƙauye.