Tukunya ko ludayi: abin da ya raba kan 'yan ra'ayin sauyi a Amurka

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da na samu natsuwa. Kin ce tun da Kamala Harris ta sha kaye a zaɓen 2024 kike ganin 'yan ra'ayin sauyi na Amurka suna yi wa juna tonon silili. Wasu na cewa jam'iyyar Dimokurat ta bar maganar aljihun talaka ta koma maganar launin fata da jinsi, wasu na cewa wannan zance dabara ce ta rufe bakin baƙar fata da mata. Kin tambaya mene ne ainihin bambancinsu, kuma wa ya fi gaskiya.

Ɗauki gidan biki. Ɓangare na farko ya ce matsalar gidan tukunya ce: mutum goma sun janye manyan tukwane sun shige ɗaka, an bar wa mutum ɗari 'yar ƙarama a tsakar gida, don haka duk faɗan da ake yi a kan layi faɗan yunwa ne. Ɓangare na biyu ya ce ko an girka tukunyar da ta kai rijiya, muddin mai riƙe da ludayi yana duban fuska kafin ya zuba, akwai waɗanda za su koma gida da kwano wayam. Zan kira su 'yan tukunya da 'yan ludayi. Ni na raɗa musu, ba haka suke kiran kansu ba.

'Yan tukunya, irin su Sanata Bernie Sanders, abin da suke nema abu ne na kowa da kowa: inshorar lafiya ta gwamnati ga duk ɗan ƙasa, jami'ar gwamnati kyauta, ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, da ɗaga mafi ƙarancin albashi, wanda a matakin tarayya yake dala 7.25 a awa tun 2009 bai motsa ba. 'Yan ludayi kuwa suna nuna wurin ciwo da yatsa: kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata, gurbin karatu da na aiki ga waɗanda aka daɗe ana tarewa a ƙofa, diyyar bauta, cin zarafin mata a wurin aiki. Rigimar ta fito fili a watan Agustan 2015 a Seattle, lokacin da 'yan gwagwarmayar Black Lives Matter, masu yaƙi da kisan baƙar fata, suka hau dandamali suka karɓe wa Sanders abin magana. A Fabrairun 2016 kuma Hillary Clinton, abokiyar karawarsa a neman takarar shugaban ƙasa ta Dimokurat, ta tsaya a Nevada ta tambayi magoya bayanta: in an wargaza manyan bankuna gobe, kamar yadda Sanders ke nema, wariyar launin fata za ta ƙare? Suka amsa da a'a.

Bari in fara da hujjar 'yan ludayi, don ta fi nauyi fiye da yadda masu raina su ke zato. Ba ƙirƙirar mai ludayin suka yi ba, sun gan shi. A 1935 gwamnatin Roosevelt ta kafa tsarin fanshon tsufa na ƙasa, aikin tukunya tsantsa, amma aka cire ma'aikatan gona da 'yan aikatau na gida. Wajen kashi biyu cikin uku na ma'aikata baƙar fata a lokacin a waɗannan sana'o'i suke. Masana tarihi na jayayya kan dalili, wasu su ce matsin 'yan majalisar kudu ne, wasu su ce wahalar karɓar haraji daga manoma ce, amma ko wanne ne, sai a shekarun 1950 aka shigar da su. A 1944 aka yi dokar tallafa wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da kuɗin karatu da lamunin gida. Dokar ba ta ambaci launin kowa ba, sai dai an bar rabon a hannun bankuna da jami'an yanki. A jihar Misisipi a 1947, cikin lamuni sama da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal suka je hannun baƙar fata.

A Amurka gida shi ne gadon talaka, shi ake bar wa 'ya'ya. Shi ya sa alƙaluman babban bankin ƙasar na 2022 suka nuna matsakaicin iyalin farar fata na da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kuwa kusan dala 45,000. Kuma abin bai tsaya a tarihi ba. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike sun aika takardun neman aiki iri ɗaya ga kamfanoni a Boston da Shikago, suna kawai suka riƙa canzawa. Masu sunan da ya yi kama da na farar fata sun samu kira da rabi fiye da sauran. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta haihuwa: baƙar fatar da ta gama jami'a ta fi farar fatar da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa ta dalilin ciki. Nan kam kuɗi da digiri ba su cece ta ba, kuma ɗan tukunyar da ya ce mata ta jira a gyara albashi tukuna bai yi mata adalci ba.

To, me 'yan tukunya ke cewa? Masu hankali a cikinsu ba sa musun ko ɗaya daga cikin wannan. Tambayarsu ita ce, in an yi yaƙin ludayi an ci nasara, wa ke kwashe ganimar? Amsarsu: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Talakan unguwa ne ke shaƙar barkonon tsohuwa a zanga-zanga, amma abin da ke fitowa daga baya shi ne kujeru a hukumar gudanarwar kamfani da gurbi a Harvard, waɗanda 'ya'yan likitoci da lauyoyi baƙar fata ke samu. Mai goge-goge a asibiti tana nan da albashinta. Kuma kada ki ɗauka farar fata ne kaɗai ke wannan magana. Farfesa Adolph Reed baƙar fata ne da ya taso a zamanin dokokin wariya na kudu, kuma a 2020 aka soke laccar da zai yi wa reshen 'yan gurguzu na birnin Niyu Yok saboda wasu na zarginsa da mayar da komai maganar aji. Suna kuma tuna wa mutane cewa gangamin Washinton na 1963 sunansa gangamin neman aiki da 'yanci, ɗan ƙwadago A. Philip Randolph ne jagoransa, kuma Martin Luther King ya je Memphis ne a 1968 don mara wa masu kwashe shara da ke yajin aiki baya, can aka harbe shi.

Misalin da ya fi yi musu aiki ma ba a Amurka yake ba. A Afirka ta Kudu an kawar da mulkin wariya a 1994, aka kuma yi dokokin shigar da baƙar fata cikin mallakar kamfanoni. Ranar 16 ga Agustan 2012, a Marikana, 'yan sandan gwamnatin baƙar fata suka harbe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 da ke neman albashin rand 12,500 a wata. Cikin daraktocin kamfanin Lonmin, mai mahaƙar, a lokacin akwai Cyril Ramaphosa, mutumin da ya kafa ƙungiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai ta ƙasar a 1982. Kwamitin bincike ya wanke shi daga laifin kisan, kuma a 2018 ya zama shugaban ƙasa. Hannun da ke riƙe da ludayi ya canza launi, tukunyar tana ɗaka inda take.

A gefe guda, dubi abin da ya faru a 2021, da gwamnatin Biden ta faɗaɗa tallafin yara ta riƙa tura wa iyalai kuɗi duk wata ba tare da tambayar launi ba. Talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa, kuma yaran baƙar fata na cikin waɗanda suka fi amfana, tunda su suka fi yawa a ƙasan layi gwargwadon adadinsu. Da majalisa ta bar shirin ya mutu, a 2022 ya koma 12.4.

Wajen akwatin zaɓe kuwa, nan tazarar ta fi fitowa. Rana ɗaya ce, 3 ga Nuwamban 2020. A Kalifoniya, cibiyar 'yan Dimokurat, an tambayi jama'a ko a dawo da fifita tsiraru wajen ɗaukar aiki da shiga jami'a, kusan kashi 57 suka ce a'a. A Fulorida, jihar da Trump ya ci a ranar, kusan kashi 61 suka amince a kai mafi ƙarancin albashi dala 15. A Yunin 2023 kuma Kotun Ƙoli ta haramta duban launin fata wajen ba da gurbin jami'a. A 2024 Trump ya samu kusan rabin ƙuri'un 'yan asalin Latin Amurka, har ya ci gundumar Starr ta Texas, wadda kusan dukkan mutanenta su ne, bayan ta shafe fiye da shekara 100 ba ta zaɓi ɗan Rifablikan ba. Washegarin zaɓen Sanders ya ce jam'iyyar da ta yi watsi da ma'aikata kada ta yi mamaki in sun yi watsi da ita.

Sai dai a nan ban bi shi gaba ɗaya ba. Biden ne shugaban farko da ya tsaya a layin masu yajin aiki yana kan mulki, tare da ma'aikatan ƙera motoci a Michigan a 2023, kuma Harris ba ta cika yin kamfe da launinta ko jinsinta ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, jam'iyyu masu mulki a ƙasashe da dama sun sha ƙasa a 2024. Kowane ɓangare ya ɗauki wannan kaye ya ɗinka shi daidai wuyan rigarsa.

Mu ma ba baƙin wannan gardama ba ne, ko da yake ba da irin kalmominsu muke yin ta ba. Sanarwar Sawaba ta NEPU a 1950 ta fito ƙarara ta ce akwai gwagwarmayar aji tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, ba su tambayi ƙabilar kowa ba. Amma a cikin NEPU ɗin nan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri tana neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976, shekaru bayan matan Kudu. Matar talaka tana da ciwon da mijinta talaka ba shi da shi. Tsarin raba daidai da ya shiga kundin tsarin mulki a 1979 kuma ya tabbatar kowace jiha na da minista, amma ki duba 'ya'yan su wa ke cike gurbin jiharku a manyan ma'aikatu. A ɗaya hannun, yaron da aka haifa a gari, ubansa ma a nan aka haife shi, sai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ta hana shi tallafin karatu. Duka ciwukan biyu muna da su a gida ɗaya.

In kika matsa mini, na fi karkata ga 'yan tukunya, saboda abin da kowa ke da rabo a ciki ya fi tara jama'a kuma ya fi wuyar rushewa. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin daga 'yan ludayi na koye shi. Kwatanta fanshon 1935 da Medicare, inshorar lafiyar masu shekara 65 zuwa sama da Shugaba Johnson ya sa wa hannu a 1965. Dukansu na kowa ne a takarda. Bambancin shi ne shekara guda kafin Medicare, masu zanga-zanga sun tilasta an yi dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964, wadda wani sashenta ya hana ba da kuɗin tarayya ga duk wurin da ke nuna wariya. Asibitocin kudu, da suka yi shekaru da ɗakin fari daban na baƙi daban, sai aka ce musu shirin zai fara ranar 1 ga Yulin 1966, wanda bai haɗa marasa lafiya ba ko sisi ba zai gani ba. Cikin 'yan watanni mafi yawansu suka sauke allunan. Da babu kuɗin, dokar ba ta da sandar duka. Da babu dokar, da an raba kuɗin kamar yadda aka raba lamunin Misisipi.

Ko a lokacin ma sai da aka sa ido. Wasu asibitocin sukan haɗa marasa lafiya a ɗaki ɗaya ranar da masu duba aiki za su zo, in sun tafi a mayar da kowa inda yake. Ma'aikatan asibitin baƙar fata da 'yan gwagwarmayar garin ne suka riƙa tsegunta wa jami'an tarayya, su kuma su dawo ba sanarwa.