Zaɓen Turbo Mai Saurin Kamawa Ga Ƙaramin Injin Dizal Na Shiga Daji

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar Hilux mai injin 2L ko 3L a cikin rairayi ya san lokacin da mota ke neman kafewa, direba ya taka totur har ƙasa, baƙin hayaki ya turnuƙe a baya, amma ƙarfin da ake nema bai zo ba. A wannan lokacin inji yana juyi tsakanin 1,500 zuwa 2,000 ne a minti, kuma a nan ne ya kamata mai sayen turbo ya sa hankalinsa, domin turbon da ba ya fara tura iska sai inji ya haura juyi 3,000 amfaninsa a kan kwalta yake, ba a cikin yashi ko taɓo ba.

Turbo na'ura ce mai fanka biyu: hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya fankar farko, ita kuma ta juya ta biyu da ke cusa iska cikin inji, kuma a ƙananan turbo juyin yakan wuce dubu ɗari a minti. Injin 2L lita 2.4 ne, 3L kuwa lita 2.8, saboda haka hayaƙinsu a ƙasan juyi kaɗan ne, ba zai iya tayar da fanka mai nauyi da wuri ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a ɗauko CT26 na Land Cruiser mai injin 1HD-T, wanda aka ƙera wa lita 4.2, a ɗora wa ƙaramin inji don kawai ya fi girma a ido. Bayan girman fanka, akwai lambar A/R da wasu kamfanoni, musamman Garrett, ke rubutawa a jikin gidan hayaƙi, wato ƙoƙon turbo da fankar hayaƙi ke ciki. Idan lambar ƙarama ce, hanyar hayaƙi matsattsiya ce kuma turbo zai kama da wuri, sai dai zai shaƙe inji a saman juyi ya ƙara masa zafi.

Zaɓi na farko shi ne ƙaramin turbo mai bawul ɗin da ke karkatar da rarar hayaƙi idan matsin iska ya kai iyakarsa. A wannan aji akwai CT20, wanda Toyota da kanta ta ɗora wa injin 2L-T, wato samfurin 2L mai turbo, da TD04 na Mitsubishi da ke kan Pajero da L200 masu injin 4D56 na lita 2.5, da kuma RHB5 na kamfanin IHI da ke kan Isuzu 4JB1-T mai lita 2.8. Dukkansu an yi su ne don injuna masu girman nan, ba sa buƙatar kwamfuta, kuma bakanike zai iya kwance su ya sauya musu kayan ciki. CT20 ya fi sauƙin ɗaurawa a injin Toyota, tunda ana samun bakin hayaƙin 2L-T, wato bututun da turbo ke zama a kai, da ya dace da shi, amma a ganina TD04 ya cancanci wahalar yin farantin haɗi saboda saurin tashinsa da yawan kayan gyaransa.

Zaɓi na biyu shi ne turbo mai fukafukai masu motsi, wanda Garrett ke kira VNT, kamar GT1749V na Volkswagen 1.9 TDI ko CT16V na Hilux mai injin 1KD-FTV. A ƙasan juyi fukafukan suna matse hanyar hayaƙi, a saman juyi su buɗe, don haka babu wanda ya kai shi saurin kamawa. Matsalar ita ce kwamfutar mota ce ke sarrafa fukafukan, tsohon injin da famfon gas ɗinsa na inji ne zalla kuwa ba shi da ita, dole sai an ƙirƙiro masa wata na'urar. Sannan motar da ke yawan tafiya a hankali da gas marar tsabta tana tara kunkunniya, fukafukan su cije, matsin iska ya wuce kima ko ya ɓace gaba ɗaya. Ga wanda ke aiki tsakanin Agadas da Dirku, nesa da gareji, ba zan ba shi shawarar wannan ba.

Turbo mai boris na ƙwallaye yana tashi da ɗan sauri fiye da mai bushin, amma ya fi tsada, kuma idan ya lalace yawanci sai a sauya tsakiyarsa ɗungurugum.

Wajibi ne a tuna cewa 2L da 3L ba a ƙera su da turbo ba, kuma matsin da fistin ke yi wa iska a cikinsu ya kai kusan ninki 22. Ya kamata a tsaya a wajen rabin bar (ma'aunin matsin iska) na matsin turbo, a sa agogon auna zafin hayaƙi kafin turbo, kada a bar shi ya daɗe sama da digiri 700 na Celsius, a kuma tabbatar lagireto lafiya take, domin kan silindar wannan dangi na injuna yana tsagewa idan zafi ya yi yawa. Ƙurar hunturu ma tana cinye bakin fankar iska, saboda haka matatar iska mai kyau tana cikin lissafin kuɗin tun farko.

Idan na hannu za a saya, a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Fanteka ta Kaduna, a kama tsakiyar fanka da yatsu biyu a jijjiga ta. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne a mai bushin, matuƙar fanka ba ta goga jikin gida, amma idan tana shiga tana fita gaba da baya, cikin ya ci. A haska gidan hayaƙi da tocila a duba tsaga kusa da ramin bawul, a duba ko baƙin mai ya jiƙa bakin da iska ke fita, sannan a karanta lambar da ke kan farantin jikinsa a tabbatar ta yi daidai da sunan da mai shago ya faɗa kafin a biya kuɗi.